Kwamfutar da Ta Ƙone Sau Biyu a Dakko

Saude taubashiyata ce, 'yar kawuna Hashimu, saboda haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kanta, kuma ba ta da wurin kai ƙara. Bari in fara da aibunta, tunda shi na fi sani. Ba ta iya hira ba. Ka kai mata ziyara, ta shimfiɗa maka tabarma, ta kawo ruwa, sannan ta koma kan teburinta ta bar ka kana kallon ƙeyarta. Tuwonta da wuya ya tsira daga ƙauri, domin tana ɗora tukunya sai ta tuna da wata waya da ba ta gwada ba. Ga taurin kai, ga nawa. Abin da wani mai gyara zai gama kafin azahar, ita sai ta kwana uku tana jujjuya shi. Amma duk da haka, a Talata Mafara idan kwamfuta ta gagari masu shago, gidan Saude take ƙarewa, wani lokacin ma mai shagon ne da kansa zai kawo ta, a lulluɓe, don kada abokan sana'a su gani.

A Kaya aka haife ta, ƙasar Maradun. Kawu Hashimu, Allah ya jiƙansa, mai gyaran rediyo ne, yana bin kasuwanni da akwatin katako a bayan keke: Janbako, Maradun, ranar Talata kuma ya sauka Mafara. 'Ya'yansa maza duk sun guje wa sana'ar, suka tafi noman rani, wai ba za su tsufa suna shaƙar hayaƙin dalma ba. Saude ce ta zauna. Muna yara, mu muna wasan 'yar tsana, ita tana tsugune gefen ubanta tana kallon cikin rediyo baki buɗe. Kawu yana da wata ɗabi'a da ke ba masu rediyo haushi: ba ya cire abin da ya ƙone ya maye da sabo sai ya gano abin da ya ƙona shi. Mai kaya yana tsaye yana jiran ya ji labaran rana, shi kuwa yana ta tambaya, wane batir ka sa, a ina kake ajiye ta, wa ke taɓa ta in ba ka nan. Wannan ɗabi'ar ita Saude ta gada, har ta ƙara da tata.

Aure ne ya kawo ta Mafara. Mijinta Nasidi manomin albasa da tumatir ne a fadamar Bakolori, mutum mai sanyin hali wanda ban taɓa jin ya yi ƙorafin ƙaurin tuwo ba, Allah ya ba shi ladan haƙuri. Shi ya bar ta ta shiga makarantar koyon sana'a tana goyon ɗanta na biyu, ta koyi gyaran kwamfuta a kan abin da ta sani na rediyo. Ba ta buɗe shago ba. Ƙaramin ɗakin da ke kusa da zaure ta mayar wurin aiki. Maza su miƙa wa Nasidi kaya a zaure, ko su yi mata bayani ta taga, mata kuwa su shigo har ciki. Ni kaina da farko dariya na yi mata, na ce wa zai kai wa matar aure kwamfuta alhali ga samari a bakin tasha da gilashin ido da manyan alluna. Yau shekara tara ke nan, kuma na daina wannan dariyar tun a shekara ta biyu.

Abin da zan ba da labarinsa a bazarar bara ya faru, lokacin da zafi ya kai mutum ba ya iya taka siminti da rana ba takalmi. Ina gidanta wata Talata sai Nasidi ya shigo da akwatin kwamfuta, irin ta kan tebur, ya ce wani malamin firamare ne daga Dakko, ƙasar Bakura, sunansa Fa'izu, yana zaure. Kwamfutar ta matarsa ce, Mufida. Saude ta matsa bakin taga, suka yi doguwar gaisuwa, sannan ya yi bayani.

Mufida ta yi karatu har ta iya aikin kwamfuta kafin a kawo ta Dakko. Da ta tare, sai mijin ya roƙi mahaifinsa, Malam Nagode, ya ba ta wani ɗaki a cikin gida wanda da ake zuba buhunan shinkafa. Aka sa sola, aka kawo kwamfuta da firinta. Tana buga wa makarantun allo da islamiyya tambayoyin jarrabawa, tana buga katin biki da na suna, amma babban aikinta na mata ne. Matan ƙauyen da ba sa fita, waɗanda da sai sun jira wani namiji ya samu sukunin kai musu takarda Bakura, yanzu sai su zaga su shiga wurin Mufida ta cika musu. Shekara biyu ana haka lafiya.

Sai ga shi a cikin wata biyu kwamfutar ta ƙone sau biyu. Abin da ya ƙone shi ne babban allon da ke cikinta, wanda masu gyara ke kira madabod, inda kowace waya da kowane ƙaramin abu ke haɗuwa. Karo na farko wani mai gyara a Bakura ya ce wutar sola ce ta yi ƙarfi, ya canza allon, aka canza inbata, wato na'urar da ke daidaita wutar solar. Bayan mako biyar ta sake yin tartsatsi, ɗaki ya cika da wari. Mai gyara na biyu, a nan Mafara, ya ce yarinyar ce ke barin ta a kunne fiye da kima. Wannan maganar ita ta isa kunnen Malam Nagode, kuma tsoho ya yanke hukunci. Ya ce shi ba ya gaba da aikin, amma gidansa cike yake da amfanin gona da jikoki, sau biyu yana jin warin wuta a cikinsa, ba zai jira na uku ba. Idan ba a san takamaiman abin da ke ƙona ta ba, a fitar da ita, a mayar da shinkafa ɗakin. Ya ba su zuwa Juma'a.

Fa'izu ya faɗi wannan da murya ƙasa-ƙasa. Na tausaya masa, domin ubansa bai yi rashin gaskiya ba, matarsa kuma ga shi za a rufe mata abin da ya fi komai faranta mata rai.

Saude ta kwance akwatin, ta ɗauko allon ta kai bakin ƙofa inda haske yake. Ni abin da na gani kawai wani baƙin tabo ne kamar girman ƙwandala. Ita kuwa ta kusa rabin sa'a tana dubawa da gilashin ƙara girma, tana shinshinawa, tana ɗora tsinken mitarta ta awon wuta nan da can. Da na gaji na tambaye ta ko aljanu take nema, sai ta yi mini bayani ba tare da ta ɗago ba, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce ƙuna iri-iri ce. Idan wuta ce ta zo da ƙarfi, daga ƙofar shigarta take fara ɓarna, wato akwatin da ke rarraba wuta, kuma wannan nasa lafiya lau yake. Idan zafi ne na yawan aiki, za ka ga 'yan gwangwanayen da ke kan allon sun kumbura, fanka ta toshe da datti. Waɗannan ba su kumbura ba. Ta nuna mini wani siririn farin layi kamar na kanwa da ya gangaro daga saman allon zuwa daidai wurin tabon, da ɗan kore-kore a ƙafafun ƙananan abubuwan da ke kusa. Ta ce wannan sawun ruwa ne, kuma ba sau ɗaya ya bi ta nan ba, ya sha bi yana bushewa.

Sannan ta sa ɗan hantsaki a cikin fankar ta zaro wasu zarurruka masu ruwan ƙasa, guda huɗu ko biyar, ta nannaɗe su a takarda ta sa a jaka.

Ta koma taga ta tambayi Fa'izu ko ɗakin yana yoyo. Ya ce rabon su da ruwan sama wata shida. Ko ana shan shayi ko ruwa a kan teburin? Ya rantse Mufida ba ta barin ko kofi ya shiga ɗakin, har faɗa take yi da baƙi a kan haka. Ya roƙe ta ta rubuta masa wani dalili kawai ya kai wa tsoho, ta canza allon a wuce wurin. Na san amsar tun kafin ta buɗe baki.

"Malam, ba ni rubuta abin da ban sani ba," in ji ta. "In na sa sabo yau, shi ma ƙonewa za shi yi. Sai na ga inda taka kwana."

Nan ne na gane abin da ya sa maza biyu suka kasa. Ba rashin iya aiki ba ne. Kwamfutar a cikin gidan matan aure take zaune, inda baƙon namiji ba ya shiga, don haka su akwati kawai aka kai musu shago, suka yi hasashe daga nesa. Ko mai solar ma, ranar da ya yi aiki sai da aka tattara matan gidan aka kai su maƙwabta, ya gama ya fita. Ba wani mai gyara da ya taɓa ganin ɗakin a ranar da ake aiki a cikinsa. Saude kuwa sallama kawai za ta yi ta wuce.

Nasidi ya yarda ta je, da sharaɗin a tafi da hantsi a dawo kafin la'asar, saboda hanya ba kullum take da daɗi ba, kuma a tafi da 'yar rakiya. Ni aka ɗora wa rakiyar, ba tare da an tambaye ni ko ina da abin yi ba. Ranar Alhamis muka shiga mota zuwa Bakura, daga can mashin ya ƙarasa da mu, Saude rungume da akwatin kamar wanda za a ƙwace mata.

Malam Nagode muka fara tararwa a zaure, dogon tsoho mai farin gemu, yana gyaran igiyar shanu. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi Mafara da mutanenta da zafi da gajiyar hanya, bai bar ko ɗaya ba. Ya ce mu shiga, gida namu ne. A tsakar gida muka gaida uwargidan, mahaifiyar Fa'izu, wadda kowa ke kira Inno. Gajeriyar tsohuwa ce mai kaifin ido, tana tsintar wake a inuwar darbejiya. Ta amsa gaisuwarmu a cike, amma da ta ga akwatin sai ta kau da kai, ta ce ashe an sake dawo da abin fitinar.

Mufida ba ta wuce shekara ashirin da huɗu ba. Idanunta sun kumbura. Da muka shiga ɗakin ta saki labule, sai ta fara magana da sauri cikin raɗa. Ta ce ta san an ce laifinta ne, amma wallahi ba ta canza komai ba daga yadda take yi shekara biyu. Ta ce Inno tun ranar farko ba ta son aikin, a gaban mutane ta ce matar aure da danne-danne ba su dace ba, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa leƙo ɗakin ba. Yanzu ga shi burinta zai cika. Ba ta faɗi haka da rashin kunya ba, da karayar zuciya ta faɗa, har ni ma na ji haushin tsohuwar.

Saude ba ta tsaya lallashinta ba. Ta fara aikinta. Ta auna wutar da ke fitowa daga inbata, ta ce daidai take. Ta kwance soket ta duba. Ta hau kujera ta leƙa kwanon rufi. Ta tsuguna ta shafa bangon, ta shafa ƙasa. Sannan ta sa Mufida ta nuna mata daidai inda akwatin ke zama, a ƙuryar tebur, manne da bango. Ta ɗaga ledar da aka shimfiɗa a kan teburin, sai ga katakon ya yi dabbare-dabbare a wurin, irin yadda katako ke yi in ya sha jiƙa yana bushewa.

Ta tambayi Mufida yadda yininta yake, daga safe har yamma, kada ta tsallake komai. Mufida ta ce tana kunna ta da hantsi in rana ta kama sola. Mata su yi ta zuwa har wajen sha biyu. Daga nan sai ta tafi madafa, domin girkin rana nata ne, ta yi sallah, ta ci abinci, ta dawo wajen ƙarfe biyu. Ba ta kashe ta a tsakani, saboda tana daɗewa kafin ta tashi, kuma lokacin ne wuta ta fi ƙarfi. Ɗakin ba a kulle shi, labule ne kawai, tunda ba mai shiga. Madafar kuma a can bayan rumbuna take.

Saude ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tsakar gida. Na bi idonta. A gindin darbejiya, kusa da inda Inno ke zaune, akwai tulu biyu da jarka ɗaya, kowanne an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, yadda kowa ke yi a ƙasarmu da bazara don ruwa ya yi sanyi. Wani buhun kuma, wanda aka yanke shi murabba'i aka kalmashe bakinsa da kyau, yana shanye a kan igiya shi kaɗai. Nan take na tuna da zarurrukan nan da ke cikin jakar Saude. Na kalli Saude, ta ɗan girgiza mini kai, alamar in kama bakina, wanda ta san shi ne abu mafi wuya a wurina.

Ta ce wa Mufida ta je ta ɗora girkinta, ita za ta ɗan huta. Da yarinyar ta ɓace bayan rumbuna, Saude ta je ta zauna a tabarmar Inno ta roƙi ruwa. Saude da ba ta iya hira ba, ranar na ga ta yi hira. Ta sha ruwan ta yaba sanyinsa, ta ce ko firij bai kai wannan ba. Inno ta ɗan saki fuska ta yi bayanin yadda take jiƙa buhun sau uku a rana, da ruwan rijiya, kuma ba kowane buhu ke yi ba, sai algarara ta gaske. Saude ta sa hannu a tsintar waken. Can ta buɗe jakarta ta warware 'yar takardar nan a kan tabarma, tsakaninta da tsohuwar, ta ce a cikin fankar kwamfuta ta samu waɗannan. Ta ce kwamfuta ba kamar tulu take ba. Tana da ƙananan huji a sama da gefe da take shan iska ta cikinsu, kuma ɗigon ruwa ɗaya in ya shiga ya taɓa allon, yana bushewa ya bar gishirinsa, gobe wani ya ƙaru, har ranar da wuta za ta bi ta kansa ta yi tsalle inda bai kamata ba. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta ci gaba da tsintar wake.

Inno ta daɗe tana kallon zarurrukan. Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Da ta yi magana, muryarta ta sauka ƙwarai.

"Ɗiyata, ruwa na ka kashe ta?"

Saude ta ce ruwa ne.

"Ni dai wata rana na biya ta ƙohwar, nij ji tana nishi. Na aza hannu, na ishe ta da zahi awa ɗa mai masassara. Nic ce abin ga in yam mutu, yarinyag ga ta shiga uku, ga matan gari sun saba. Shi na nis samo buhu."

Ta ce kullum in Mufida ta tafi madafa sai ta jiƙa shi ta matse ta lulluɓa mata, kafin ta dawo ta ɗauke. Da ta ƙone karon farko, sai ta ɗauka sanyin ne bai isa ba, don haka da aka kawo ta gyararriya sai ta daina matse buhun sosai. Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya wa kowa ba. Ta harare ni, ta ce da wane bakin, ita da ta tsaya gaban jama'a ta ce ba ta son abin.

Na so in yi dariya, na kuma so in yi kuka, ban san wanda zan fara ba. Tsohuwar da muka shigo muna jin haushinta, ashe wata biyu tana faki-faki da rana tsaka tana jinyar kayan surukarta.

Amma magana ba ta ƙare ba, domin Malam Nagode dalili yake jira, kuma dalilin ga shi zaune a kan tabarma. Saude ta ce wa Inno ita ba za ta yi ƙarya ba, amma ba dole ne ta ambaci suna ba. Za ta iya cewa danshi ne ya shiga, kuma ta toshe hanyarsa. Inno ta girgiza kai. Ta ce ta san mijinta shekara arba'in da wani abu, zai tambaya danshin daga ina a wannan bazarar, in ba a ba shi amsa ba zai ce har yanzu ba a sani ba, kuma zargin zai ci gaba da zama a kan yarinyar. Ta ajiye faifan, ta gyara lulluɓinta, ta cire buhun daga kan igiya, ta nufi zaure. Muka bi ta muka tsaya daga bayan ƙofa, ita kuma ta durƙusa daga ciki.

"Malam, an gano abin da ka ƙona na'urar. Ba wutar sola ba ta, ba kuma yarinyag ga ba ta. Ni ta."

Ta ajiye buhun a gabansa ta faɗi komai, ba ta rage ba. Fa'izu yana wurin, ya dawo daga makaranta, ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Tsoho ya kalli buhun, ya kalli matarsa. Sannan ya tambaye ta, ba ita ce ta ce ba ta son ko ganin abin ba? Inno ta ce ta faɗa, kuma har yanzu ƙarar firintar tana hana ta barcin rana. Sai muka ji wani sauti daga wajen tsoho, ashe dariya yake dannewa, ta ƙi dannuwa.

Da ya natsu ya kira Saude, ta matso bakin ƙofa. Ya tambaye ta tsakaninta da Allah, idan aka daina sa buhun, gidansa ya tsira daga wuta? Ta ce ita ba ta da ikon yi masa alkawarin abin da ke hannun Allah, amma abin da ya ƙona ta sau biyu an gano shi, kuma wayoyin ɗakin duk ta auna su lafiyarsu ƙalau. Abin da ya rage shi ne a janye akwatin daga bango, a fasa taga ta biyu don iska ta riƙa ratsawa. Tsoho ya juya ga ɗansa ya ce a kira magini ranar Asabar, shinkafa kuma ta zauna inda take.

Mufida tana madafa duk wannan bai same ta ba. Mijinta ne ya je ya gaya mata. Ban ga fuskarta a lokacin ba, domin Saude ta matsa sai mun kama hanya, ko abincin ba mu tsaya ci ba. A mota na ce mata yau ta burge ni. Ta ce in matsa, na danne mata jaka.

Bayan mako biyu sabon allo ya iso daga Gusau, ta haɗa, muka sake komawa Dakko. An fasa tagar, an matso da teburin tsakiyar ɗaki. Mata uku suna zaune a tsakar gida da takardunsu a leda, sun ji labarin yau za a tayar da ita. Saude ta jona wayoyi, ta danna, fanka ta juya, fuskar kwamfutar ta kawo haske. Mufida ta rufe bakinta da gefen mayafi.

Sai muka ji motsi a ƙofa. Inno ce tsaye, ta ɗaga labule da hannu ɗaya, ba ta shigo ba. Mufida ta gaya mini daga baya cewa a mako biyun nan sun kasa haɗa ido, gaisuwa kawai suke yi kowa ya wuce, ita kunyar zaton da ta yi, tsohuwa kunyar ɓarnar da ta yi. Inno ba ta kalli surukarta ba, Saude ta kalla.

"To yanzu in ta yi zahi, yarinyag ga tana madahwa, mi za ni yi mata?"

Saude ta buɗe baki za ta amsa, amma Mufida ta riga ta. Ta tashi ta je bakin ƙofa, ta kamo hannun tsohuwar da hannu biyu, ta jawo ta cikin ɗakin a hankali har gaban tebur. Ta ɗora yatsan Inno a kan maɓallin da ke gaban akwatin.

"Nan za ki danna, Inno, sau guda. Sai ta kwanta ta huta har in dawo."

Inno ta danna. Hasken ya ɗauke, fankar ta yi shiru. Ta tsaya tana saurare, sannan ta ɗora tafin hannunta a saman akwatin ta ɗan jima. Ta ce a sake kunna ta, tana so ta ƙara gwadawa don kada ta manta. Mufida ta kunna, har lokacin ba ta saki ɗaya hannun tsohuwar ba.